Shafin Da Ban Juya Ba

Masu karatu, ku gyara zama, yau ban zo kare kaina ba. 'Yar'uwar da ta rubuto min cewa "ke dai kin cika wayo", ina gaishe ki da kyau, kuma ina sanar da ke cewa wayon nan ya ƙare a falonmu, a gaban tsohon da ko yatsun hannunsa ba ya gani sosai.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, bari in yi masa gajeren bayani. Ni bazawara ce. Na faɗa da bakina ne kafin Gwaggo ta riga ni, don ita ba ta iya nuna ni ga baƙo ba tare da ta haɗa da wannan ba. Ina koyar da ƙananan yara a wata makaranta, irin aikin da rabinsa share hanci ne, rabinsa ba da labari. Ina zaune a gidanmu tare da Baba da ƙanwarsa Gwaggo, wadda ta zo jinyar mahaifiyata, Allah ya yi wa mahaifiyata rasuwa, ita kuma Gwaggo har yau ba ta tuna hanyar gidanta ba.

Wanda ya sake ni yana nan cikin wayata. Tun ranar da na dawo gida da akwatina na goge sunansa na rubuta "Kada Ki Ɗauka", kuma da wannan sunan za ku san shi. Bai taɓa dukana ba, bai taɓa zagina ba, ban taɓa kama shi da wata ba. Daga aiki aka sallame shi, ya ɓoye min. Kullum da safe ya goge takalmi, ya sa riga mai guga, in haɗa masa shayi, in raka shi bakin ƙofa ina yi masa addu'ar samun sa'a a ofis, shi kuwa ya je ya zauna a bencin wata tashar mota har yamma. Wata da watanni a haka. Har labarin ofis yake kawo min, wane ya yi faɗa da manaja, wance ta haihu. Ranar da na gane, bakina ya faɗi abin da ya faɗa, shi ma kunya ta rikiɗe masa ta zama fushi, ya furta kalmar. Kafin girman kai ya sauka daga kanmu, idda ta cika.

Baba bai yi faɗa ba ranar da na dawo. Magana ɗaya ya yi: "Rashin aiki ba zai hana ni ba mutum 'yata ba. Amma wanda zai dubi idonki da safe ya yi miki ƙarya, ya dawo da yamma ya ɗora wata a kai, ba zai sake tako ƙofar nan ba." Wanda ya san Baba ya san ba ya maimaita magana, kuma ba ya janye ta.

To yanzu mutumin ya dawo. Ya koyi gyaran firij, ya buɗe ɗan shago, yana so a mayar da aure. Yana kira, ba na ɗauka, don ni mace ce mai cika alkawari. Amma saƙo kam ina karantawa, har ina ba da amsa, tun da sunan bai ce kada ki karanta ba.

A gefe guda kuma ga Gwaggo da ɗan takararta, wani mai kemis da ke bakin titinmu. Mutumin kirki ne, ban ce ba. Sai dai duk hirar da muka taɓa yi da shi a kan hawan jini ta ƙare.

"Mutum mai shago har da gilashi," in ji Gwaggo, tana zuba shayi. "Ga mota, ga natsuwa. Ke me kike jira, a aiko miki da miji daga sama?"

"Gwaggo, ina tunani ne."

"Tunani! Shekarunki ma tunanin suke yi?"

Bari in gaya muku wane ne Baba, don ba za ku gane wautata ba sai kun san shi. Ɗaurin littattafai ne sana'arsa tun yana saurayi. Littafin da ya yage, wanda bango ya rabu da shi, wanda ruwa ya taɓa, a kawo masa ya warware shi, ya jera, ya ɗinke da zare, ya sa sabon bango, ya danne a ƙarƙashin ƙarfen matsi har ya kwanta. Ciwon suga ne ya ci idonsa a hankali har ya rufe shago. Kayan aikin suna nan a kusurwar falo: ƙarfen matsin, gwangwanin gam da ya bushe, allurai a cikin wata tsohuwar kwalba. Ƙarfen yanzu ya zama teburin Gwaggo, a kansa take ajiye filas ɗinta.

Tun da idon ya tafi, ni ce mai yi masa karatu. Kullum bayan la'asar zai zauna a kujerarsa mai hannun katako, ƙafa a kan ƙaramin matashi, fanka na juyawa a hankali, ni kuma in zauna a kan darduma kusa da gwiwarsa. Shi mutumin littattafan tarihi ne. Ni ce na lallaɓa shi na ce, "Baba, mu ɗanɗana na 'yan zamani mana, mu ji me suke rubutawa."

"In dai ba za su sa ni barci ba, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Ba zan ɓoye muku ba, da gangan na zaɓi littafin. Wani ne mai koren bango, na gan shi a shagon littattafai, na juya bayansa na karanta: labarin wani mai gidan burodi da 'yarsa da ta dawo gida, da tsohon mijinta, wani direba, da ya zo neman a yafe masa. Na tsaya a shagon nan riƙe da shi. Na ce a raina, abin da bakina ya kasa gaya wa Baba, bari takarda ta gaya masa.

Da farko komai ya tafi daidai. Baba ya shiga labarin har yana gyara zama. Ya so mai burodin, ya ce mutum ne mai tashi da asuba, irinsu ba su da yawa. Gwaggo da ta ce ita ba ta da lokacin tatsuniya, sai ga ta tana jawo kujera kusa, wai hasken wajen ya fi kyau don tsintar shinkafa.

Sai rawar kai ta ja ni. Wata rana a makaranta, lokacin tara, yara sun fita wasa, na ciro littafin daga jaka na ce bari in leƙa gaba in ga yadda za ta kaya. Saura kaɗan littafin ya ƙare na iso wurin. Direban ya zo ƙofar gidan burodi, ya tsaya da hularsa a hannu. Mai burodi ya dube shi, ya jawo ƙofar ƙarfe, ya rufe, ya sa sakata.

Na rufe littafin da ƙarfi har wata yarinya ta leƙo ta taga ta ce, "Malama, sauro kika kashe?" Ban iya ƙara ko layi ɗaya ba. Tsoro ne ya kama ni, tsoro na gaske, don na san in Baba ya ji wannan zai gyaɗa kai ya ce mai burodi ya yi daidai, ni kuma da hannuna na kawo masa hujja.

Ranar da karatunmu ya iso wannan shafin, ina sanye da doguwar rigata ta zaman gida mai ɗigo-ɗigo, gumi na bin bayana duk da fanka. Na karanta, "Direban ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Mai burodi ya dube shi..." Idona na kan layin da ke biye. Bakina kuwa ya ɗauki wata hanya.

"...ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, shigo, rana ta yi zafi."

Baba ya ce, "Uhm."

Gwaggo ta ce, "Wannan mai burodin sakarai ne."

Ni kuwa na ci gaba. Jama'a, ashe abin ba wuya. Wadda take riƙe ajin yara masu ƙiriniya da labarin da take ƙirƙira a tsaye, me zai gagare ta? Na zaunar da direba a kan buhun fulawa. Na sa masa magana a baki, mai taushi, mai nadama, kuma rabinta daga saƙonnin Kada Ki Ɗauka na kwaso. Washegari na sa mai burodi ya ba shi aikin kai burodi shaguna. Da na ga kasuwa ta buɗe, har wata gwaggo na ƙirƙiro, mai shisshigi, na sa ta zame a banɗaki. Ban karya mata komai ba, ina tsoron Allah.

"Marubutan zamani ba su da tarbiyya," in ji Gwaggo, ta tattara tirenta ta bar falon.

Da safe a cikin mota, a hanyar makaranta, saƙon Kada Ki Ɗauka ya shigo.

"Kin tashi lafiya? Jiya na buɗe firij ɗin wata tsohuwa, na tarar da takalmin jikanta a ciki. Ta ce sati guda suna nema."

Na yi dariya ni kaɗai har matar da ke kusa da ni ta matsa. Daɗi ya ɗebe ni, na ba shi labarin aikin da nake yi a falo, ina jiran yabo.

Ya rubuto: "Idan Baba ya gane fa?"

"Da wane idon?"

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can sai ga shi: "Ni dai na san yadda irin wannan take ƙarewa."

Raina ya ɓaci. "Kai ne za ka yi min wa'azi?"

"A'a. Na dai riga ki bin hanyar ne."

Na kife wayar a cinyata. Amma maganar ta bi ni har aji. Tun da muka rabu nake tambayar kaina yadda mutum zai dubi wanda yake so ya shirya masa ƙarya kullum. Ga shi yanzu na sani. Ba ka farawa da niyyar yaudara. Tsoro ne ke tura ka ka ce yau kawai, gobe zan gyara, goben kuma sai ta zo da nata tsoron. Ban ji daɗin wannan ilimin ba ko kaɗan, amma ban daina ba.

Ranar da asirina ya tonu, ina tsakiyar wuri mai daɗi. Na kai inda mai burodi da direba suke cin abinci a kwano ɗaya, har na sauya murya ina yin ta tsoho. Gwaggo tana kicin.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Shafin nan, tsawonsa daga ina zuwa ina?"

"Wane shafi, Baba?"

"Wanda kike kai. Tun da kika zauna ban ji takarda ta motsa ba. Jiya ma haka. Shekaranjiya ma haka. Na ɗaure littattafai iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa cin karo da shafin da ake kwana da kwanaki ana karantawa bai ƙare ba."

Wayyo ni! Duk dabarata, na manta abu ɗaya: juya takarda. Na ƙi juyawa ne don kada idona ya faɗa kan abin da ba na son gani, na bar yatsana a wuri guda ina ta zuba. Kuma a gaban wa? Mutumin da kunnensa ya yi rayuwa cikin ƙarar takarda.

"Miƙo min shi."

Na miƙa masa. Ya bi ƙashin bayan littafin da babban yatsansa, ya shafa gefen shafukan a hankali.

"Kin gani? Daga farko zuwa nan ya saki jiki, an buɗe shi. Daga nan zuwa ƙarshe kuwa gefen a manne yake yadda wuƙa ta yanke shi. Ko ke ba ki san ƙarshensa ba."

Hawaye suka zubo min. "Baba, tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da rana ta yi zafi."

"Me ya sa ba ka ce komai ba?"

Ya yi ɗan murmushi, irin wanda rabon da in gani tun mahaifiyata na da rai. "Naki ya fi daɗi. Kuma tun da kika dawo gidan nan, ba ki taɓa yi min magana mai tsawon wannan ba. Kullum lafiya lau Baba, ba komai Baba. Sai na ce bari in yi shiru in ji 'yata."

Na kifa kaina a hannun kujerarsa na yi kuka sosai, har da shessheƙa. Kunya ce, da sauƙi, da son tsohon nan da ya cika min ƙirji. Ya bar ni sai da na gaji don kaina.

"Amma ina da ƙorafi a kan marubuciyar," in ji shi. "Ta ba mai burodi baki. Ta ba direba baki. Har gwaggo ta samu nata kafin ta zame. 'Yar mai burodi fa? Ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ta ce ga abin da take so ba. Kullum tana bayan labule tana leƙe."

Na hau murza bakin ɗankwalina.

"Yaron nan ya san kina yi min wannan?"

"Ya sani, Baba."

"Ya ce me?"

"Ya ce ya san yadda irin wannan take ƙarewa."

"Kowa ya iya magana a waya." Ya ɗora littafin a cinyarsa. "Ki ce ya zo gobe bayan la'asar, ya karanta min ragowar. Kuma, Uwata, kada ki gaya masa na gane. Kin yi min guda, kada ki ƙara ta biyu."

Ku da kuke karantawa, kun san irin jarabawar da ke cikin riƙe waya a hannu da magana a baki. Na rubuta "Baba ya gane, ka yi hankali", na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Daga ƙarshe abin da na tura shi ne: "Baba ya ce ka zo gobe bayan la'asar."

Nan take ya kira. Ban ɗauka ba. Sai saƙo: "Ni? Cikin gidan?"

"Cikin falo ma."

"Me zan sa?"

"Abin da kake da shi."

Ni da na ba shi wannan amsar, ni ce na zazzage durowa a kan gado. Na sa ja, na ga ya yi ihu da yawa. Na sa baƙi, na ga kamar zan je ta'aziyya. Na tsaya a kan doguwar riga shuɗiya mai ƙananan maɓallai a hannu, da mayafi ruwan madara, da ɗan kwalli kaɗan wanda zan iya musantawa. Gwaggo ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa.

"Mai kemis ne zai zo?"

"Baƙon Baba ne."

Da ta ga wanda ya yi sallama a ƙofa, saura kaɗan filas ya suɓuce mata. "Yaya! Ka san wa ke tsaye a ƙofarka kuwa?"

"Ni na kira shi. Shigo."

Ya rame, ya yi duhu. Ba rigar ofis, ba takalmi mai ƙyalli. Rigar aikinsa ce mai ruwan toka, wankakkiya, da tabon mai a aljihu wanda sabulu ya kasa. Yatsunsa duk ƙananan yanka. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya gaida Gwaggo, ta amsa da hanci. Ni na nufi ƙofar ɗaki zan laɓe.

"Uwata, ba bayan labule ba. Nan za ki zauna."

Na dawo na zauna a gefen darduma, ina kallon ƙafata.

Baba ya miƙa masa littafin. "Ka ga idona ya tafi. Uwata ke yi min karatu. Mun kai inda mai burodi ya karɓi direba, ya ba shi aiki, har suna cin abinci a kwano ɗaya. Ka ci gaba min daga inda alamar take."

Sai a lokacin na gane zurfin ramin da Baba ya haƙa. In ya karanta abin da ke rubuce, ya tona min asiri a gaban mahaifina, a zatonsa, kuma ya karanta wa kansa hukunci da bakinsa. In ya bi sawuna ya ƙirƙira, ya rufa min asiri, ya gyara wa kansa hanya, kuma wa zai sani? Tsoho ne da ba ya gani. Ga mutumin da ya taɓa ƙirƙiro ofis guda da ma'aikatansa, wannan ai wasa ne.

Ya buɗe inda alamar take. Na ga idonsa ya bi layukan, ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni. Na so in girgiza kai, na so in gyaɗa, na so in yi tari, ko wani abu. Na dafe gwiwoyina na mayar da idona ƙasa. Ba abin da ake ji a falon sai fanka.

"Muna jinka," in ji Baba.

Ya gyara murya. "Baba, ka yi haƙuri. Abin da ke shafin nan ba shi ne abin da ka ji ba. A nan ba a buɗe masa ƙofa ba. An rufe ta ne, har da sakata."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ka ji! Dama na ce!"

"To," in ji Baba, fuskarsa ba yabo ba fallasa, "wa ya yi min ƙarya ke nan?"

"Wannan tsakaninka da 'yarka ne, Baba, ba zan shiga ba. Amma nawa laifin zan faɗa. Na san ana yi, kuma ban tsaya na hana ba, don ni abin zai amfana." Ya gyara riƙon littafin. "In ka yarda, zan karanta abin da ke rubuce."

"Karanta."

Bai iya karatu a fili ba, wannan kam gaskiya ce. Yana tuntuɓe, yana cin wasu kalmomin, ba ya sauya murya. Amma duk ƙarshen shafi sai ka ji takarda ta rabu da 'yar'uwarta da wata 'yar ƙara siririya, Baba kuma ya ɗan karkato da kunne. Mai burodi bai buɗe ƙofar ba. Direban ya yi ta zuwa kullum da safe yana sayen burodin da ba ya buƙata, ana miƙo masa ta taga ba a ce masa uffan. Daga baya ya samu aiki a wani gari mai nisa. A shafin ƙarshe, 'yar mai burodi tana tsaye tana shafa wa tire mai, ta hango motarsa ta rage gudu a gaban shagon, sannan ta wuce.

A layin ƙarshe muryarsa ta karye, amma ya kai shi. Ya rufe littafin ya riƙe da hannu biyu, kansa a sunkuye. Mayafina ya jiƙe. Har Gwaggo na ji tana jan hanci, ko da yake daga baya ta ce mura ce.

Baba ya miƙa hannu, aka sa masa littafin. Yana buɗe shi sai ga wasu shafuka daga tsakiya sun zame sun faɗo a cinyarsa.

"Ka ga aikin zamani," ya ce yana tsaki. "Gam kawai suka shafa, ba zare. Karatu ɗaya ya watse." Ya tattara shafukan yana daidaita gefensu a kan gwiwa. "Mai burodi da gidansa, ni da nawa. Kai, ka iya zura zare a allura?"

"Na iya, Baba."

"Ranar da ba ka da aiki da yawa ka zo. Zan ɗinke shi. Hannuna bai manta ba, ido ne babu."

"Yaya!" Gwaggo ta miƙe tsaye. "Mai kemis fa?"

"Mai kemis yana nan, in mun buƙaci magani." Ya juyo da fuskarsa wajen baƙon. "Kada ka ji ni da kuskure. Ban ce na ba ka komai ba. Ƙofa ce tawa, na buɗe. Abin da ya rage ba a hannuna yake ba."

Ya yi godiya har bakinsa na harɗewa, ya fita da baya-baya, ya manta hularsa a kan darduma. Ban raka shi ba.

Ba a jima ba wayata ta fara ruri a kan ƙarfen matsi, kusa da filas. Gwaggo ce ta fi kusa, ta ɗauka ta nisanta ta da ido tana haɗa baƙaƙen.

"Kada... ki... ɗauka. To, alhamdu lillahi! Ga shi wayar ma ta fi mutanen gidan nan hankali."

Baba ya juyo da fuskarsa inda nake, littafin da ya watse a cinyarsa, yana jira. Wayar na ta kuka. Ban taɓa yin maganar namiji a gaban mahaifina ba tun da aka haife ni.

"Baba," na ce, "'yar mai burodi ba ta so motar ta wuce."

"To ki gaya wa direban mana. Ni ina da mota ne?"

Na tashi na karɓi wayar daga hannun Gwaggo, wadda ta saki baki ta kasa rufewa. A nan tsakiyar falo, ba bayan labule ba, na danna na kai kunne.

Ƙarar motoci na fara ji a bayansa, sai numfashi. Ina jin ya shirya jin ƙarar katsewa ne kamar kullum.

"Hulata na..." ya fara, sai ya tsaya. "Kin ɗauka?"

"Na ɗauka," na ce.